Bulo Goma Sha Biyu

Akwai wani mutum a wani gari mai zafi, magini ne, kuma in ana lissafa gwanayen gini a garin ba a tsallake shi. Katangar da ya ɗora ba ta tsagewa. Halinsa kuwa, duk abin da yake ƙauna sai ya kewaye shi da bulo. Ya dasa mangwaro, ya yi masa katanga. Ya haƙa rijiya, ya yi mata ɗaki. Har kajin matarsa sai da ya gina musu akurki na siminti mai ƙofar ƙarfe. Hannunsa bai san wata hanyar nuna ƙauna ba sai wannan.

Mutumin nan yana da uwa tsohuwa wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ciwon ya tafi da hannunta da ƙafarta na dama, ya tafi da bakinta kuma, ko kalma ɗaya ba ta iya furtawa. Matar maginin, Keziya, ita ke jinyarta. Ita ke juya ta, ta yi mata wanka, ta ba ta kunu da cokali. Likita ya gaya musu cewa zafi ne babban abokin gāban tsohuwar, in bazara ta shigo su yi duk yadda za su yi ɗakinta ya zauna da sanyi.

Kada wani ya ce mutumin nan ba ya son uwarsa. Yana sonta ƙwarai. Tun kafin bazara ta kankama ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi. Ku da kuka san ta kun san kashi biyu ce: ɗaya a cikin ɗaki tana huro sanyi, ɗaya a waje bayan bango, shi ne injin. Da aka gama kafa ta, sai maginin ya dubi tagar ɗakin ya ce ai ta nan sanyi zai riƙa zurarewa. Ya cire tagar, ya toshe gurbinta da bulo, ya shafe, har ba ka ce an taɓa yin taga a wurin ba.

Ana nan sai aka ji ɓarayi sun kwance injin wani maƙwabci sun yi gaba da shi. Maginin ya ce, “Ba dai a gidana ba.” Ya kwaɓa siminti, ya gina wa injinsa ɗan ɗaki, ya rufe samansa, ya sa masa 'yar ƙofar ƙarfe a gefe da kwaɗo. Ya bar ramuka uku a can sama kamar na tantabara, ya ce sun isa shan iska. Ginin ya yi kyau, ba ƙarya. Tun shafen yana ɗanye ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da shekarar a bangon gaba. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna cewa, “Kai, wannan dabara taka ta yi!” Shi kuwa sai murmushi yake yana wanke cokalin gininsa.

Da rana ta fara zafi sosai, sai na'urar ta tsiro da wani hali. Ta yi aiki da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai ta yi kuka sau uku, ƙit, ƙit, ƙit, ta tsaya cak. A fuskarta sai wani harafi da lamba su fito da jar wuta, H da uku. In an bar ta ta jima, a kunna, ta tashi. Can an jima ta sake tsayawa.

Keziya ta saba da kukan. Ko tana bakin murhu, ko tana wanki a bakin rijiya, da ta ji ƙit, ƙit, ƙit, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ruga. Ta buɗe ƙofar ɗakin, ta jiƙa tsumma ta goge wa tsohuwa fuska da wuya, ta zauna tana yi mata fifita har na'urar ta huce. In wuta aka ɗauke ma tana sani, domin rediyonta na madafa yakan mutu. Ta haka tsohuwa ba ta taɓa daɗewa cikin zafi ba.

Amma abin ya ishi maigidan. Sabuwar na'ura, ta riƙa tsayawa kamar jakin da ya ga kwari? Ya aika aka kira wani dattijo mai gyara, sunansa Malam Barnaba.

Malam Barnaba ba shi da gaggawa. Ya fara da abu mai sauƙi. Ya buɗe ta cikin ɗakin, ya zaro ragar da ke tace ƙura, ya tarar da ita tas, domin Keziya na wanke ta. Ya auna ƙarfin wutar gidan, ya ga daidai yake. Sa'an nan ya ce a kai shi wurin injin. Da aka buɗe kwaɗon 'yar ƙofar nan, wani hucin zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe gidan burodi. Ya leƙa, ya ga fankar injin tana fuskantar bangon gaba, tsakaninsu bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ya miƙe ya ce, “Maigida, na'urarka lafiyarta ƙalau. Ita fa ba ƙera sanyi take yi ba. Zafin ɗakin Mama take kwasowa ta fito da shi nan ta zubar. Kai kuma ka gina mata bango a bakin hanci, abin da ta fitar shi take sake shaƙa. Akwai wata 'yar waya a jikin injin mai jin zafi. In abin ya kai mata iya wuya, ita ke cewa a tsaya kafin a ƙone. Wannan harafin da ke ba ka haushi, ni ‘huta’ nake karanta shi.”

Maginin ya ce, “To mene ne maganin?”

Malam Barnaba ya ƙirga bulon bangon gaba da yatsa. “Goma sha biyu ne. Ka cire su, ka sa sandunan ƙarfe a gurbinsu. Ɓarawo ba zai shiga ba, iska za ta shiga.”

Maginin ya dubi bangon, ya dubi sunansa a jiki, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, “Shekara talatin ina gini, ba a taɓa rushe mini aiki ba. Gyaran na'ura na kira ka, ba duba gini ba.”

Dattijon ya ce, “Ni dai ban ga abin gyara a jikinta ba. Abin gyaran yana hannunka.” Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Keziya ta ji duk abin da aka yi. Tun daga ranar, in na'urar ta yi kuka ta shigo da mafici, sai ta ce wa surukarta, “Mama, 'yarki esi ta ce a huta.” Tsohuwa ta yi murmushi da rabin bakin da ya rage mata.

To, wanda ya ƙi jin mai gaskiya ai ba ya rasa mai gaya masa abin da yake so. A kasuwar garin akwai wani mai gyara da ake yi wa laƙabi da Sha-Yanzu, domin ba a kai masa abu ya ce a dawo gobe. Shi maginin ya ɗauko. Sha-Yanzu yana zuwa, bai ko dubi na'urar ba, ginin ya fara zagayawa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ya yi wannan aiki? Kai! Wannan a rushe? Ai zunubi ne. Tsofaffin masu gyaran nan tsoro ya yi musu yawa. 'Yar wayar nan ce ta cika tsegumi, bari ka gani.”

Ya zura hannu ta 'yar ƙofar, ya yanke wayar, ya yi wani haɗe-haɗe ya naɗe da baƙin salatif. Kafin ruwan sanyin da aka kawo masa ya ɗumama ya gama. Aka kunna na'ura, ta tashi. Rana ta take, ba ta tsaya ba. La'asar ta yi, ba ta tsaya ba. Jar wutar nan kuwa ko alamarta.

Keziya ce kaɗai ba ta yi murna ba. Da baƙon ya tafi ta ce wa mijinta, “Baban Tabita, ni fa kukan nan ne ke kirana. In ba ta yi kuka ba, yaya zan san ta tsaya?”

Ya ce, “Ba za ta tsaya ba, ai shi ne gyaran. Ke ma kin huta da safa da marwa. Kuma ki rage buɗe ƙofar nan, sanyin kike saki.”

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga mata hannu. Ta koma madafa.

Kwana tara na'urar nan tana aiki ba tsayawa. Kwana tara injin yana dahuwa a cikin ɗan ɗakinsa, ba shi da bakin faɗa. Maginin kuwa duk wanda ya gamu da shi sai ya ba shi labari: gini na nan tsaye, na'ura na aiki, an so a sa shi asarar banza Allah ya kiyaye. Ku ji fa, har Allah yake sawa a ciki!

Kwana na goma ya faɗo ranar Lahadin Ista, rana ce kuwa irin wadda ko ƙadangare ba ya fitowa. Maginin ya sa sabuwar riga ya tafi sujada. Keziya ta zauna a gida saboda Mama da kuma girkin baƙi. Da hantsi ta ba tsohuwa kunu, ta juya ta, ta gyara mata matashi. Ɗakin da sanyinsa. Tsohuwa ta lumshe ido, domin ta saba yin barci bayan kunu har azahar. Keziya ta ja ƙofa ta koma bakin murhu.

Ba a jima ba injin ya ƙone. Bai yi kuka ba, da me zai yi? Ƙaurinsa ya tsaya a cikin ginin, ɗan abin da ya fita ta ramukan nan uku kuma ya bi hayaƙin girki. Fankar cikin ɗakin kuwa ba ta san an mutu a waje ba, ta ci gaba da juyawa, tana hura iska mai zafi a ɗakin da ba shi da taga, ƙarƙashin rufin kwano.

Sau biyu Keziya ta zo bakin ƙofar. Sau biyu ta kara kunnenta, ta ji fanka na aiki kamar kullum, ta tuna an ce ta rage buɗewa, ta koma. Ina roƙonku, kada kowa ya ɗora wa matar nan laifi. Ta yi abin da aka ce ta yi, ta saurari abin da aka bar mata ta saurara. A ciki kuwa ga mai rai kwance, idonta biyu, tana jin takun surukarta yana zuwa yana komawa, ba ta da bakin kira.

Da azahar, da Keziya ta buɗe ƙofar da kwanon abinci a hannu, zafin da ya tarye ta ya sa ta saki kwanon. Ihunta ne ya tara maƙwabta. Maginin yana dawowa daga sujada, da waƙar tashin matattu a bakinsa, ya tarar ana fitowa da uwarsa. Aka kai ta asibiti. Kafin rana ta faɗi tsohuwa ta cika.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta faɗin abin da aka saba faɗa. Tsufa ne. Kwana ne ya ƙare. Dama tana fama. Maginin yana amsawa da ka, bai yarda ya haɗa ido da matarsa ba.

Saboda zafin gari aka ce washegari za a yi jana'iza. Aka haƙa kabari, za a gina cikinsa kamar yadda muke yi, kuma wa zai gina kabarin uwar magini in ba shi ba? Aka kwaso ragowar bulon da ke gidansa, ya shiga ramin ya fara jerawa. Da aka kusa kaiwa sama sai bulo ya ƙare. Ranar Litinin ce ta Ista, duk masu buga bulo sun rufe. Wani dattijon ikkilisiya ya leƙa ya ce, “Nawa ya rage?” Maginin ya auna da ido, irin awon da ba ya kuskure. Sa'an nan ya ce, “Goma sha biyu.”

Aka ce bari a zaga maƙwabta a roƙo. Ya ce, “Ku bari. Ina da su.”

Ya fito daga ramin ya tafi gida, ya ɗauki guduma da cizal, ƙarfen sassaƙe siminti, ya zagaya bayan ɗakin uwarsa. Ɗaya bayan ɗaya ya ɓamɓaro su, ko guda bai fashe ba, domin gwani ne. Aikin bai ɗauke shi abin da ya kai dahuwar shinkafa ba. Ga injin nan a baya, baƙi ƙirin, iska tana shiga tana fita a kansa yadda ta ga dama. A jikin bulo ɗaya akwai sauran shafe da rabin sunansa.

Ya loda su a baro ya turo ta tsakar gida, inda mata ke zaune a kan tabarmi. Keziya ta ɗaga kai ta dubi baron, ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ashe suna ciruwa.”

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali, kuma ba zan sa mata zuma ba, domin ni ma da ɗaci na same ta.

Injin nan da ke waje shi ne mutumin da ke kwashe zafin gidanka. Kowane gida da ka shiga ka ji sanyi, akwai wanda ke tsaye a bayan bango yana shan zafin. A wani gidan matar ce. A wani gidan yayar da ta riƙe ƙanne ce. A wani gidan uban ne da ba ya ƙorafi. A cikin ikkilisiyar nan ma akwai su, mutum huɗu ko biyar da kowane aiki ke faɗa wa a ka, mu kuwa muna zaune a inuwa muna cewa Allah ya yi mana albarka da zaman lafiya. Sanyin da kake ji ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya ɗauke maka zafin.

Kukan nan, ƙit, ƙit, ƙit, shi ne ranar da mutumin ya ce maka, “Na gaji.” Shi ne ranar da ɗanka ya ce, “Baba, abin nan da kake yi ba daidai ba ne.” Shi ne kuma muryar nan ta cikin zuciyarka, wadda Ubangiji ya dasa domin ta tsayar da kai kafin ka ƙone. Mu kuwa da mun ji ta sai mu ce an samu matsala. Matar nan ta cika mita. Yaron nan ba shi da kunya. Mai wa'azin nan da ni yake. Assha! Alheri ne ya zo maka da jar wuta a goshi, ka kira shi lalacewa.

Bangon nan kuwa girman kai ne, kuma ku lura, da ƙauna aka gina shi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Maginin ba mugu ba ne, ɓarawo yake gudu. Amma da aka nuna masa kariyar tasa ta zama shaƙewa, sai ya dubi sunansa a jikin bango ya zaɓi sunan. Mutum nawa ne a nan suka kafa wata doka a gida, ko suka yanke wata magana tun shekara goma, sun kuma san ta daina amfani, amma ba za su janye ba don kada a ce sun yi kuskure?

Sha-Yanzu ba sai na gaya muku ko wane ne ba, kuna da lambar wayarsa. Shi ne abokin da ke ce maka, “Rabu da ita, haka mata suke.” Shi ne mai addu'ar da ba ya taɓa tambayarka abin da ka yi, sai dai ya ce maƙiya ne. Da yabon gininka yake farawa, ya ƙare da yanke wayar. Zai ba ka shiru, kai kuma ka ɗauka salama ce. Ranar jana'iza kuwa ba za ka gan shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: wanda ya gina bangon ba shi ya kwanta a ɗakin ba. Yana can yana waƙa da sabuwar riga. Wadda ba ta da baki ita ta biya, wadda aka hana magana kuma ita za ta riƙa jin takun ƙafarta a bakin ƙofar nan har ƙarshen ranta. Na tsaya a bakin kaburbura da yawa, na ji ana cewa kwana ne ya ƙare. Ban yi gardama da kwanakin da Allah ya ƙidaya ba. Amma kada mu ɓuya a bayansu, domin wanda ya ƙidaya kwanakin shi ne kuma ya aiko Malam Barnaba.

Saboda haka in gidanka ya yi tsit kwanan nan, kada ka yi saurin yin godiya. Wadda ta saba ce maka ta gaji, yaushe rabon da ta faɗa? Zuciyarka da ta saba tsayar da kai, yaushe rabon da ta yi kuka? Ka koma gida yau, ba gobe ba, ka tambaya, ka kuma rufe bakinka ka ji amsar. Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafarta wa mai tuba, har maginin nan ma in ya tuba. Amma gafara ba ta buɗe kabari ta mayar maka da uwarka a tsakar gida.

Ka san bangonka, ka san ko bulo nawa ne. Cire shi dai za a yi, da hannunka kuwa. Abin da aka bar maka ka zaɓa shi ne ranar, da inda za ka tura baron.